Yadda Na Zama Firintar Surukina

Shekara goma sha ɗaya na yi ina auren 'yarsa kafin wata magana da ta wuce gaisuwa ta haɗa ni da surukina. Ba gaba muke yi ba. Haka aka raine mu a cikin birni: in ka hango suruki ka rage tsawo, ka tuɓe takalmi tun daga nesa, ka kafa ido a ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Duk abin da ya faɗa amsarsa ɗaya ce, "To, Baba." Ko da zai ce maka yau Talata alhali daga masallacin Juma'a kuka fito, to Talatar ce. Ba don kwamfutarsa ta tsufa ba, ina jin da har yau muna nan a kan ina kwana da ina gajiya.

Shagonsa na kan hanyar Ƙofar Jatau, ɗaki ɗaya ne da ke warin man dizal tun daga bakin titi. Sana'arsa gwada famfon injin dizal, abin nan da kanikawa ke kira injekta, wanda ke auna wa inji man da zai sha. Mutanensa manoma ne daga ƙauyukan kewaye, masu injin ban ruwa da masu injin niƙa, da ɗaiɗaikun masu tarakta. Mutum ya kwance famfonsa, ya naɗe a buhun taki, ya ɗauro a bayan babur. Baba ya ɗora shi a kan wata ƙatuwar na'ura mai koren fenti da ya saya a gwanjo shekarar da ya yi ritaya. Na'urar ta juya famfon, kwamfutar da ke gefe ta auna, firinta ta fitar da sakamakon a takarda. Daga nan ya ɗauki sukundireba ya daidaita abin da ya kauce.

Kwamfutar nan Dattijuwa yake kiranta, kuma ta ci sunanta. Ƙatuwar ƙeya gare ta, farinta ya koma ruwan ƙwai, in an kunna ta sai ta yi gyaran murya sau biyu kafin ta tuna inda take. Matsalar ita ce babu wata kwamfutar zamani da ke jin yaren koren injin nan sai ita. Kamfanin da ya ƙera su ya daɗe da naɗe tabarmarsa. Ranar da Dattijuwa ta cika, injin ya zama abincin 'yan jari bola, shago kuma ya tashi.

Akwai masu jiran wannan rana, kuma ba maƙiya ba ne. 'Ya'yansa ne maza, ƙarƙashin jagorancin babbansu, wanda ni ma nake kira Yaya. Sun daɗe suna so ya zauna a gida ya huta, don a ganinsu abin kunya ne a ce suna da aikin yi amma mahaifinsu na yawo da baƙin mai a farce. Har sun samu wani mai aski da zai karɓi ɗakin. Da suka matsa masa, sai ya ce musu, "Ranar da Dattijuwa ta daina aiki, ni ma na daina." Shi ya faɗa ne don ya kashe bakinsu, su kuwa suka riƙe a matsayin alkawari. Matata ce kaɗai ba ta tare da su. Ta ce mini, "Shagon nan ne ke tayar da Baba da safe. In suka zaunar da shi a zaure, ba zai yi shekara ba." Ba ta cika ƙarin gishiri ba, shi ya sa maganar ta tsaya mini a rai.

Ni kuwa aikina kula da kwamfutoci a wani ofis, wanda a wurin dangi fassararsa ita ce ni ne mai gyaran duk abin da ke da waya. An sha kawo mini dutsen guga, da tocila, har da agogon bango, kuma in na ce ba fannina ba ne sai a ce girman kai. Saboda haka ban yi mamaki ba da matata ta dawo daga gidansu wata rana ta ce Baba ya ce in na samu sarari in leƙa. In suruki ya ce in ka samu sarari, yanzu yake nufi.

Dattijuwa ba ta tashi sai an zura mata wani faifai mai kusurwa huɗu a baki, irin wanda yaran yanzu ba su taɓa gani ba. Bakin ne ya gaji, ya daina karantawa, kuma na zagaye kasuwa ban samu irinsa ba. Sai na aika Kano aka kawo mini wani ɗan akwati da aka yi don irin wannan larura. Ana cire tsohon bakin a sa shi a gurbinsa, a soka masa filas, ɗan abin nan na adana bayanan kwamfuta, shi kuma ya riƙa amsa wa kwamfutar daidai yadda faifan ke amsawa. A tsugune na yi aikin gaba ɗaya, don ba zai yiwu in hau kujera Baba na tsaye ba. Ƙafafuna sun mutu tun kafin in kwance sukuru na uku.

Yana tsaye a kaina, hannu a baya. Can ya ce, "Malam, wannan abin me zai yi mata?"

Na ce, "Baba, zai riƙa ce mata shi ne faifan."

"Shi ne faifan?"

"Ba shi ba ne, Baba."

"To ai ƙarya ne zai yi mata ke nan."

Na ce, "To, Baba."

Ya sa na zare akwatin. Shekara ashirin, in ji shi, bai taɓa cewa famfo ya warke alhali bai warke ba, ba kuwa a kan abokiyar aikinsa zai fara ha'inci ba. Sai an tambayi masu ilimi. Haka muka kama hanyar unguwar Limancin Kona da ƙafa, wurin wani malami, shi a gaba, ni a baya da taku uku, riƙe da akwatin da hannu biyu. Duk wanda muka gamu da shi sai ya tambaya ko lafiya. A zuciyata ina ta tafasa. Na yi karatun nan shekara da shekaru, yau ga ni zan gurfanar da filas a gaban malami.

Malamin abokinsa ne tun suna makarantar allo, tsoho mai son raha. Muka same shi a zaure cikin littattafansa. Ya karɓi akwatin, ya juya shi, ya leƙa ramin filas ɗin, har ya ɗan sunsuna. Ya tambaye ni ko kwamfutar na da rai, na ce babu. Ya ce tana da wani haƙƙi da za a tauye mata, na ce ban sani ba. Ya ce in an yi mata wannan dabarar, abin da za ta faɗa game da famfon mutane zai canza? Na ce ko kaɗan. Sai ya dubi Baba ya ce, "Alhaji, kai ma da neman magana kake. Ba ka taɓa ganin Fulani in ɗan maraƙi ya mutu sun cusa ciyawa a fatarsa sun ajiye gaban saniya don ta ba da nono ba? Wa ka ji ya kai su gaban alƙali? Je ka sa mata abinta."

An halatta, amma zuciyar Baba ba ta gama kwanciya ba. Sai ya samo tasa mafitar. Kullum da safe kafin ya danna makunni, sai ya sunkuya ya ce mata, "Ki sani dai wannan ba faifanki ba ne." Sannan ya kunna. Ita kuwa ta yi gyaran muryarta ta kama aiki, har ta fi da sauri. Yaya ya daina amsa gaisuwata da fara'a na kusan wata biyu.

Muka samu shekara guda lafiya, sannan firinta ta mutu. Wannan firinta sai wanda ya ji ta. Irin mai allurai ce, mai takarda doguwa da huji a gefe biyu, in tana aiki sai maƙwabta su dakata da hira. Wata safiya ta yi ƙara ɗaya, ta yi warin ƙonewa, ta yi shiru. Dattijuwa kuma tana da wata ɗabi'a: ba ta fara gwaji sai ta tambayi firinta ko tana nan, firintar ta amsa. In ba a amsa ba ta kafe, ko za a shekara.

Wannan karon ma akwati na samo, ɗan'uwan na farko. Dattijuwa ta tambaya, ya ce ga ni. Ta turo sakamako, ya karɓa ya miƙa wa wata 'yar sabuwar firinta da na ajiye a gefe, mai fitar da farar takarda sumul ba tare da ko tari ba. Ba mu koma Limancin Kona ba, Baba ya ce hukuncin maraƙin ya wadatar. Na tafi gida ina jin kaina.

Ashe ban san mutanen Baba ba. Wani dattijon manomi, mai noman albasa a fadama, shi ya fara. Aka gwada famfonsa, aka miƙa masa takarda, ya juya ta gaba da baya ya ce, "Alhaji, yaushe za a gwada?"

Baba ya ce an gwada.

Manomin ya ce, "A'a. Ni fa ban ji kukan ba. Kuma takardar ma ba ta da huji."

A wurinsu ƙarar nan ita ce gwajin. Shekara da shekaru suna zaune a benci suna jin firinta na tsala ihu, sun ɗauka famfon ne ake tuhuma yana amsa laifinsa. Yanzu an ba su farar takarda irin ta asibiti, cikin shiru, an ce su yarda. Labari ya bazu a ƙauyuka cewa injin Alhaji ya kurumce. Wasu suka koma wurin wani bakanike a Tudun Jukun da ke gwada famfo ta hanyar ƙwanƙwasa shi da sifana, wanda ko ba komai ana jin ƙara. Baba kansa ya canza. Mutumin da ke sallamar famfo kafin shayi ya huce, ya koma cewa a dawo gobe. Sai ya zauna riƙe da farar takardar ya yi ta juya ta. Na ɗauka fushi yake da ni. Ana cikin haka matata ta kawo labarin an ga mai askin nan a ƙofar shagon yana auna faɗinta da taku.

A nan ne na yi tunanin da har gobe nake jin kunyarsa. Na ce tunda kuka suke so, a ba su kuka.

Tsohuwar firintar ta mutu, babu inda zan ɗauko muryarta, don haka na yanke shawarar in yi da kaina. Ranar Asabar bayan azahar na kulle kaina a ɗaki da waya, da matsefin matata, da farantin silba. In na ja haƙoran matsefin a bakin farantin, in haɗa da bakina: kirrrr, cak. Kirrrr, cak. Layi shida, don famfon da aka fi kawowa mai baki shida ne. Na yi ya fi sau ashirin. Wani ya yi kama da zabuwa, wani ya yi kama da mai shaƙuwa. Matata ta yi ta buga ƙofa tana magana, ban kula ta ba. Da na samu wanda ya gamsar da ni, na yanke abin da ya biyo baya, ko in ce na ɗauka na yanke. Na sa 'yar sifika a cikin gawar tsohuwar firintar, na haɗa ta da akwatin yadda duk lokacin da takarda za ta fito sautin zai tashi. Ranar Lahadi kuma na wuni ina huda gefen takardu da abin huda fayil na ofis, har tafin hannuna ya yi bororo.

Litinin da safe na nemi izini a wurin aiki na tafi shagon. Na tsuguna na haɗa kayana. Baba ya tambayi me ake ciki, na ce, "Baba, an samo mata sauti." Ban ce na gyara ba, ban kuma ce ban gyara ba. Fuskarsa ta saki irin yadda ban taɓa gani ba. Ya ce, "Madalla, Malam. Allah ya yi albarka." Na amsa da amin, har da shafawa.

Allah ya kawo mai albasar nan, don bakaniken Tudun Jukun bai yi masa maganin komai ba, tare da wasu manoma uku. Teloli biyu na maƙwabta su ma suka leƙo da suka ji an ce injin ya samu baki. Aka ɗora famfo, na'ura ta juya, Dattijuwa ta yi lissafinta. Sai ga muryata ta cika shagon. Kirrrr, cak. Kirrrr, cak. Wallahi ta yi kyau. Mai albasa ya gyara zama ya ce, "Yawwa! Yanzu aka yi gwaji." Baba ya sunkuyar da kai yana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Da aka kai shida ya zari takardar ya ce, "Famfonka lafiyarsa lau. Je ka duba injin, a can matsalar take."

Amfanin tsuguno ke nan, kana ganin abin da na tsaye ba ya gani. Takardar na lilo a hannunsa daidai fuskata, kuma layi na huɗu cike yake da taurari har ƙarshe. Ko ni da ban san dizal ba na san abin da taurarin nan ke nufi: baki na huɗu ba ya ba da mai yadda ya kamata. Ina cikin neman hanyar da suruki ke bi ya ce wa suruki ya yi kuskure a gaban mutane, sai firinta ta sake magana. Wannan karon da muryar mace.

"Wai kai har yanzu ba ka gama wannan shirmen ba? Da girmanka da komai! Shinkafa fa na hucewa."

Sai kuma muryata, a fusace: "Ke don Allah ki bari, saura layi ɗaya! Kirrrr..."

Ɗaya daga cikin manoman ya yi waje yana a'uziyya, ya bar takalminsa. Telolin suka zube a kan juna. Mai albasa ya yi dariya har hularsa ta faɗi cikin tiren mai, yana cewa shi dai tunda yake bai taɓa ganin injin da ake kira cin shinkafa ba. Ni kuwa na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Babu uban da ba zai gane muryar 'yarsa ba.

Baba bai yi dariya ba. Ya jira hayaniyar ta lafa, sannan ya ce, "Jama'a, abin da kuka ji ba gwaji ba ne. Mijin 'yata ne." Ya juya wajen mai albasa. "Abin da na faɗa maka na janye. Bar famfon, ka dawo jibi." Da suka watse ya jawo ƙofar ya bar ta a rabi.

Ya ce, "Zauna a kujera."

Na ƙara dunƙulewa a ƙasa.

"Malam, na ce ka zauna."

Na ɗosana a bakin kujerar. Ya miƙo mini takardar ya ce in karanta masa. Na karanta layi ɗaya bayan ɗaya, da na zo na huɗu na faɗi lambar, na ce akwai taurari.

Sannan ya gaya mini abin da ko matarsa ba ta sani ba. Shekara uku ke nan hazo ya fara rufe masa ido. Yana ganin hanya, yana gane mutane, amma lambobi sun zame masa tururuwa, a takarda ko a fuskar Dattijuwa. Tsohuwar firintar ce idonsa. In baki lafiya yake, layinsa gajere ne, kukan ma gajere. In da matsala, sai ta buga taurarin nan, kukan ya yi tsawo. Shi kuma ya ƙirga da yatsa, ya san ko na nawa ne, ya juya sukurun, a sake gwadawa har kukan ya gajarce. Ranar da na kawo mai shiru, ranar na rufe masa ido. Yau da ya ji sauti ya san ba tsohuwar murya ba ce, amma ya ɗauka akwatin ne ke faɗin gaskiya da sabon maƙogwaro. Gajeru shida na rera masa, ya ce lafiya lau.

Ya ce, "Da mutumin nan ya tafi, da ya kwance injinsa gaba ɗaya yana neman ciwon da ba ya nan, albasarsa na bushewa. Kuma da bakina." Ya juyo inda nake. "Malamin ya halatta maka ka yi wa Dattijuwa dabara. Ni wa ya halatta maka?"

Duk kunyar da na yi shekaru ina yi masa ta al'ada ce, ta sunkuyar da kai da tuɓe takalmi. Ta wannan ranar daban ce, a ciki na ji ta, kuma ta yi mini ciwo. Na ji tausayinsa, na ji haushin kaina, na kuma ji tsoro, don na ga abin da 'ya'yansa suka kasa yi a shekaru ni na gama shi da matsefi.

Ya ce, "Kira yayanku. Ka ce mai askin ya zo."

Bakina ya buɗe zai ce to, don ya saba. Na rufe shi. Na ce, "Baba, a ba ni zuwa jibi." Ya ɗago ya dube ni, ina jin yana mamakin ashe ina da wata kalmar. Na yi masa bayani, ina in'ina, cewa lambobin duk suna ratsawa ta cikin akwatin nan kafin su isa takarda. Tunda na iya sa shi ya yi kukan ƙarya, zan iya sa shi ya faɗi lambobin da baki, da Hausa, kowa ya ji. Baba ya ce ya yarda, da sharaɗi ɗaya: duk wanda ya tambaye shi dalili, gaskiya zai faɗa masa.

A shagon muka ɗauki sautin, a gabansa, don ya ce ba ya son a sake gayyato shinkafa. Na riƙe waya ina faɗin ɗaya, biyu, uku, cikin 'yar muryar da na saba yi masa magana da ita. Ya ce, "Ɗaga murya, Malam, ba gaisuwa ka zo ba." Na sake. Ya ce bakwai ɗina ba ta fita. Sau tara na faɗi bakwai. Muka ɗauki "daidai", da "ya yi ƙasa", da "ya yi sama". Sauran aikin na haɗawa ya ci mini yini biyu, ofis kuma na ce musu ina da larurar iyali, wanda ba ƙarya ba ne.

Kafin jibin labarin firinta mai kiran shinkafa ya zagaye unguwa. Matata ta ce ba za ta sake taka gidansu ba sai an manta, wato har abada. Labarin ya kai kunnen Yaya, kuma a wurinsa hujja ta cika: an kai matsayin da ake wasan kwaikwayo a shagon mahaifinsu. Ranar jibin da hantsi sai ga shi a bakin ƙofa cikin kayan ofis, mai askin na biye da shi. Mai albasa na kan benci da sabuwar hula. Ni ina inda na saba, a ƙasa.

Yaya ya gaishe da Baba ya ce yana son magana. Baba ya ce ya bari ya sallami baƙo tukuna. Ya ɗora famfon, ya tayar da na'ura. Da Dattijuwa ta gama, sai muryata ta fito, wannan karon da ƙarfi kamar mai shela: na ɗaya, daidai. Na biyu, daidai. Na uku, daidai. Na huɗu, ta faɗi lambar, ya yi ƙasa.

Mai albasa ya miƙe tsaye. "Na huɗu! Ai na faɗa wa yaran nan tun tuni wani abu na cin tuwo a gefe ɗaya!" Bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma ba wanda ya ƙaryata shi.

Baba ya lalubi famfon da yatsu, ya ƙirga zuwa na huɗu, ya sa sukundireba ya ɗan juya. Aka sake. Har yanzu ƙasa, amma lambar ta matso. Ya ƙara juyawa kaɗan, irin juyin da ni ban ma ga hannun ya motsa ba. Aka sake, shida duka daidai. Mai albasa ya karɓi takardarsa mai hujin da na yi da hannuna, bai ko dube ta ba, ya ce shi yanzu da kunnensa ya ji.

Ni Yaya nake kallo ta ƙasan ido. Tun da aka fara bai dubi akwatin ba, mahaifinsa yake kallo. Ya ga yadda Baba ya juya wa fuskar kwamfutar baya ya miƙa kunne, ya ga yadda yatsunsa suka nemo sukurun. Da shagon ya yi shiru sai ya ce, a hankali, "Baba, me ya sa take magana?"

Baba na goge hannu da tsumma. Ya ce, "Don ba na gani sosai. Shekara uku ke nan."

Ga hujjar da ta fi wadda Yaya ya zo da ita, an miƙa masa a hannu, a gaban shaidu. Yaya ya dubi famfon da aka gama, ya dubi wasu biyu da ke jiran layi a cikin buhunansu. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya juya ya ce wa mai askin ya yi haƙuri ya nemi wani wurin.

Ya ce, "Baba, ranar Laraba mai zuwa zan zo in kai ka a duba idon." Ya mayar da tabarau ɗinsa. "Da la'asar. In ka tashi daga aiki."

Baba ya rataye tsumman a ƙusa, ya ce a miƙo masa famfo na gaba.